Kwana Sha Tara

Sunana Lucjan, ni ke hawa bututun hayaƙi.
Matakala ɗari uku da sha ɗaya
tsakanin ƙasar Opole da na'urar da ke shinshinar numfashin tanderu.
Shekara ashirin da biyu ina ƙirga su da gwiwa,
yanzu gwiwar ce ke ƙirga ni.
Can sama aka rataye mini aiki.

Siminti muke toyawa.
Dutse ya shiga wuta da nauyinsa, ya fito ya rame,
abin da ya zubar a hanya
ba launi, ba wari, ba inuwa,
shi aka ce in auna.
Farin da kuke ɗauka hoto daga kan gada, yawancinsa tururi ne.
Mugun ba ya tsayawa hoto,
wucewa yake ta kanku, ko tari ba ya sa ku,
salin-alin kamar mutumin kirki.

A Janairu ƙanƙara ta toshe wa na'urar hanci.
Allon ofis ya ja layi miƙaƙƙe kamar igiyar magini.
Na rubuta a kawo sabon tiyo.
Yana Hamburg, aka ce, yana hanya.
Kwana sha tara wuta na ci,
kwana sha tara ma'auni na barci,
ba wanda ya taka birki.

Bogumiła ce ke haɗa lissafin shekara.
Ba muguwa ba ce,
ita ke ajiye mini shayi idan na sauko yatsu sun ƙage.
Ta ce, "Giɓi ba ya tafiya a rahoto, sai an cike."
Ta ɗebo alƙaluman Disamba,
watan da muka kashe wuta mako biyu don gyara,
ta shafe ramin da su, sumul.
"Ba ƙarya ba ce, Lucjan, kiyasi ne."
An ce ramin ƙarya ƙurarre ne.
Na kiyasi kuwa na leƙa shi,
tirela za ta juya a ciki.

Da bazara mai tantancewa ya zo daga Katowice,
Remigiusz, takalminsa ko ƙura babu.
Ya duba hatimi, ya duba hatimin da ke kan hatimi.
Ya fito tsakar masana'anta ya ɗaga kai
har hularsa ta faɗi.
"Nan kake hawa?" Na ce nan.
Ya yi fito, ya kaɗe hular,
ya sa hannu a cikin ɗaki.

Yanzu ga kyalle kore a bakin ƙofa:
MUN RAGE KASHI SHA BIYU.
Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya,
wani ɓangaren gaskiya ne.
Da idona na ga kwal ya ragu,
na ga an sauya injin niƙa, na ga gumin da aka yi.
Amma an zuba tsaba da tsakuwa a buhu guda an ɗinke,
wanda ya saya da wanda ya sayar
duk ba su san nawa ne abinci ba.
Ko mu da muka yi ƙoƙarin
ba mu san nawa ne namu maki.

Jiya jikata Jagna ta zo da aikin makaranta,
ta kwafo lambar daga jarida da jan alƙalami.
"Kaka, haka ne?"
Na ce ta sha miyarta kafin ta huce.
A aljihun rigar sanyina akwai ɗan littafi,
layi sha tara a ciki, kowanne da kwanan wata,
gabansa ba komai.
Shi kaɗai ne lissafin da na tabbata da shi.

Gobe da shida zan hau.
Daga can ana hango Odra tana tafiyarta,
ana hango rufin makarantar Jagna.
Sama ba ta karɓi rahoton kowa ba,
abin da ya hau ta riƙe, har na kwanakin nan.
Zan goge wa na'urar hanci,
in hura wa yatsuna iska,
in rubuta abin da ta ce,
in ta buɗe baki.